RAHOTON MUSAMMAN: Malbec, inabin da ya yi hijira daga Faransa ya raya hamadar Mendoza

A ranar 17 ga Afrilun kowace shekara, ofisoshin jakadancin Ajantina da ke manyan biranen duniya kan shirya liyafa saboda wani irin inabi guda ɗaya mai suna Malbec. Tun daga 2011 ake wannan biki, bisa haɗin gwiwar ƙungiyar masu fitar da giyar inabi ta ƙasar, wato Wines of Argentina, da Ma'aikatar Harkokin Waje. An saba ganin ƙasashe sun keɓe rana domin tunawa da samun 'yanci ko mazan jiya, amma ba kasafai ƙasa ke keɓe wa tsiro rana, har ta ɗora wa jakadunta nauyin tallata shi ba.

Ranar da aka zaɓa ɗin, asalinta ranar aikin majalisa ce. A ranar 17 ga Afrilu, 1853 aka gabatar wa majalisar dokokin lardin Mendoza ƙudirin kafa makarantar koyon aikin gona haɗe da gonar gwaji. Daga wannan ƙudiri aka ɗauko hanyar da ta kai Ajantina cikin ƙasashe goma da suka fi kowa sarrafa giyar inabi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sarrafawa daga lardin Mendoza yake fitowa.

Musulunci ya haramta giya, kuma jihohin Arewa da dama masu aiki da shari'a sun hana cinikinta. Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke karɓar baƙin gwamnati, ko rakiyar manya zuwa liyafar jakadu a Maitama da Asokoro, iyakarsu da kwalbar su gan ta bisa tebur. Sai dai labarin da ke bayan wannan kwalba labari ne na ban-ruwa a hamada, da dokar rabon ruwa, da canjin kuɗi, da yadda ƙasa ke ɗaukar amfanin gona guda ta gina masa suna a kasuwar duniya. Waɗannan kuwa batutuwa ne da ba sa barin teburin ma'aikatun tarayya.

Siffar inabin da giyarsa

Malbec inabi ne baƙi mai ratsin shunayya. Ruwan da ke cikin ƙwayar inabi, ko da baƙin ne, kusan fari yake. Launin duk a cikin ɓawo yake. Saboda haka masu yin jar giya kan murƙushe 'ya'yan, su bar ruwan tare da ɓawon na tsawon kwanaki ko makonni. A cikin wannan lokaci yis na mayar da sukarin inabin barasa, ɓawon kuma na sakin launi da bauri.

Baurin nan daga sinadarin tanin yake zuwa. Shi ne wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ne kuma ke kama harshe idan an sha shayi mai kauri. Giyar da ta haɗa duhun launi da bauri da ƙarfin barasa ita ce masana harkar ke kira mai nauyi, kuma Malbec na cikin wannan aji. Wadda ake yi a Mendoza kan ɗauki barasa tsakanin kashi 13.5 zuwa 15 cikin 100, kusan ninki uku na giyar kwalba ta yau da kullum. Masu ɗanɗano na siffanta ta da ƙamshin nunannun baƙaƙen 'ya'yan itace, da bauri mai laushi wanda bai kai na takwararta ta Faransa kaifi ba. Masu tsada daga ciki ana adana su shekara ɗaya zuwa biyu a cikin gangunan katakon oak kafin a ɗura a kwalba. Mutanen Ajantina kan haɗa ta da gasasshen naman shanu, wanda shi ne abincin taruwarsu.

Asali a kwarin kogin Lot

Mahaifar Malbec ita ce kudu maso yammacin Faransa, a kewayen garin Cahors da ke bakin kogin Lot. A can sunansa Côt ko Auxerrois. Binciken ƙwayoyin halitta da aka bayyana a 2009 ya nuna cewa ya samu ne daga barbarar wasu tsofaffin irin inabi biyu, Prunelard da Magdeleine Noire des Charentes. Na biyun shi ne kuma uwar Merlot, ɗaya daga cikin irin da suka fi yaɗuwa a duniya.

Saboda duhun launinta, an daɗe ana kiran giyar Cahors baƙar giya. Auren Eleanor ta Aquitaine da Henry, wanda daga baya ya zama sarkin Ingila, a shekarar 1152, ya buɗe wa giyar wannan yanki kasuwar Ingila. Sunanta ya kai har Rasha, inda cocin ƙasar ya riƙa amfani da ita wajen ibada, kuma har yau ana kiran wata jar giya mai zaƙi Kagor a can.

Amma Cahors na da matsalar da kowace ƙasa marar tashar ruwa ta sani. Dole kayanta su bi kogi su ratsa ta tashar Bordeaux kafin su kai teku, 'yan kasuwar Bordeaux kuwa su ma giya suke sayarwa. Sai suka samu gata daga masarauta cewa ba za a shigo da giyar ƙasar tudu tashar ba sai ƙarshen shekara, bayan tasu ta riga ta shiga jiragen ruwa. Wannan gata ya ɗauki ƙarnoni, sai a 1776 aka soke shi.

Babbar masifa ta zo a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin darɓa, mai suna filoksera, ya shigo Turai daga Arewacin Amurka a jikin dashen da aka ɗauko. Yana cin saiwar kurangar inabi har ta bushe. Daga shekarun 1860 ya bi gonakin Faransa lardi bayan lardi, kafin ƙarshen shekarun 1870 ya iso Cahors, ya share dubun-dubatar hekta. Maganin da aka gano shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗauko reshen inabin Turai a ɗaura shi bisa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Malbec bai karɓi auren nan da kyau ba a farko. Dama can iri ne mai saurin zubar da fure idan aka yi sanyi ko damshi a lokacin hudarsa, ga saurin ruɓewa a ƙasa mai yawan ruwan sama. Manoma da yawa suka koma wa wasu irin.

A watan Fabrairun 1956 aka yi wani matsanancin sanyi da ya kashe mafi yawan abin da ya saura na Malbec a Bordeaux. Manoman can suka maye gurbinsa da Merlot, wanda ya fi sauƙin sha'ani. Mutanen Cahors su kaɗai suka sake dasa shi da gaske, har a 1971 gwamnati ta ba yankin matsayin kariyar suna, bisa sharaɗin cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na giyar da za ta ɗauki sunan Cahors ya kasance Malbec ne. A yau gonakin yankin ba su wuce kimanin hekta 4,000 ba.

'Yan gudun hijira biyu da gonar gwaji

Tun a tsakiyar ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kawo inabi ƙasar da ta zama Ajantina, kuma an kafa birnin Mendoza a 1561. Amma irin da suka kawo na yawan amfani ne, giyarsa ba ta da daraja a kasuwa.

Wanda ya kawo sauyi ɗan siyasa ne kuma malamin makaranta, Domingo Faustino Sarmiento, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar daga 1868 zuwa 1874. A lokacin da yake gudun hijira a Chile, ya ga gonar gwajin gwamnati da ke Santiago, ya kuma haɗu da wani masanin aikin gona ɗan Faransa, Michel Aimé Pouget, wanda shi ma siyasar ƙasarsa ce ta koro shi. Sarmiento ya shawo kan gwamnan Mendoza, Pedro Pascual Segura, ya kafa irin wannan gona, a kuma ɗauki Pouget ya shugabance ta. Cikin dashen da Pouget ya shigo da su har da Malbec.

Lokacin zuwan ya yi wa Ajantina rana, domin an ɗauko dashen kafin filoksera ya auka wa Faransa. Wato tsohon jinin Malbec, wanda aka yi asarar mafi yawansa a mahaifarsa, ya tsira a wata nahiyar. Ƙwaron ya iso Mendoza daga baya, amma ƙasa mai yashi da al'adar malale gona da ruwa sun hana shi ɓarna irin ta Turai. Shi ya sa har yau akwai kurangu masu shekara fiye da 100 da ke tsaye bisa saiwarsu ta asali, ba tare da aure ba.

Abin da ya saura shi ne kasuwa. Mendoza na da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Buenos Aires, kuma amalanke kan yi makonni a hanya. A 1885 layin dogo ya iso. Tare da shi baƙi suka kwararo daga Italiya da Sifen, mutanen da suka gaji noman inabi kaka da kakanni, suka kuma saba shan giyarsa a kan abinci. Su ne suka zama manoman, su ne kuma suka zama masu sayen a babban birni. Manoman Mendoza suka riƙa kiran Malbec da sunan inabin Faransa kawai.

Hamada mai dokar ruwa

Mendoza hamada ce. Ruwan saman da take samu a shekara bai wuce milimita 200 zuwa 250 ba, wato bai kai rabin abin da Sakkwato ke samu ba. Tsaunukan Andes, waɗanda a cikinsu akwai Aconcagua mai tsayin mita 6,961, mafi tsawo a wajen nahiyar Asiya, sun tare damshin da ke tasowa daga tekun Pasifik. Amma tsaunukan da suka hana ruwan sama su ne ke tara dusar ƙanƙara a lokacin hunturu, ta narke da bazara ta gangaro ta kogunan Mendoza, Tunuyán, Diamante da Atuel. Ƙasar da ruwan ke kaiwa ba ta kai kashi 5 cikin 100 na faɗin lardin ba, amma a nan fiye da kashi 90 na jama'a ke zaune.

Tun kafin zuwan Sifaniyawa, 'yan asalin wurin, ƙabilar Huarpe, sun haƙa magudanan da ke janyo ruwan kogi zuwa gonakin masara. Sifaniyawa suka gaji magudanan suka faɗaɗa su, suna kiran su acequia, kalmar da harshensu ya aro daga Larabci, as-saƙiya, tun zamanin Andalus. Har yau irin waɗannan magudanai ke bin gefen titunan birnin Mendoza suna shayar da itatuwa.

A 1884 lardin ya kafa dokar ruwa wadda ginshiƙanta ke aiki har yanzu. Haƙƙin ruwa a jikin gona yake: ba a sayar da ruwan daban a bar ƙasar, ko a sayar da ƙasar a riƙe ruwan. Hukumar da ke kula da rabon, Departamento General de Irrigación, tsarin mulkin lardin na 1916 ne ya tabbatar mata da cin gashin kai. Ita ke karɓar kuɗin ruwa daga manoma ta yi kasafinta. Gwamna ne ke naɗa shugabanta da amincewar majalisar dattawan lardin, amma wa'adinsa shekara 5 ne, na gwamna kuma 4, ta yadda kujerar ba ta tafiya tare da zaɓe. A ƙasa kuma, manoman da ke kan kowace magudana su ne ke zaɓen sufeton da zai kula da ita, su amince da kasafin gyaranta. Akwai ma'aikacin da ake kira tomero, wanda aikinsa buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, kowace gona da sa'o'inta, ko da tsakar dare rabon ya faɗo.

Wannan tsari ya bambanta da na Najeriya, inda hukumomin raya kogunan ƙasa 12 ke ƙarƙashin ma'aikatar tarayya, suna dogaro da kasafin Abuja, kuma ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ya sha cin karo da adawa a Majalisar Tarayya tun 2018. A Mendoza ma ana rigima kan ruwa, amma ana yin ta ne a gaban hukumar da kowa ya san iyakar ikonta.

Ga inabi, rashin ruwan sama alheri ne. Busasshiyar iska na rage cututtukan ruɓa da suka addabi Malbec a Bordeaux, manomi kuma shi ke yanke lokacin da kuranga za ta sha da lokacin da za a bar ta da ƙishirwa domin 'ya'yan su tattara zaƙi da launi.

Yadda aka kusa tumɓuke shi

Kusan shekara 100 masana'antar ta rayu a kan kasuwar cikin gida. A 1970 abin da ake sha a Ajantina ya kai kimanin lita 90 ga kowane mutum a shekara. Kasuwa mai irin wannan ƙishirwa yawa take nema, kuma rangwamen harajin da gwamnati ta bayar ya ƙarfafa dasa irin da ke cika buhu. Malbec ba ya cikinsu. Da jama'a suka soma komawa ga giyar sha'ir da lemon kwalba, sai kasuwar ta cika ta batse, farashi ya faɗi. A 1980 rukunin kamfanonin Greco, wanda ya mamaye babban kaso na cinikin, ya durƙushe tare da bankinsa. Manoma suka shiga tumɓuke gonaki. Malbec da ya haura hekta 50,000 a shekarun 1960 ya dawo kimanin hekta 10,000 a farkon shekarun 1990, kuma cikin waɗanda aka cire har da tsofaffin kurangu da ba a iya mayar da su.

Cikin waɗanda suka fara kallon ƙetare akwai Nicolás Catena Zapata, masanin tattalin arziƙi, jikan wani baƙo ɗan Italiya da ya dasa Malbec a Mendoza a 1902. A farkon shekarun 1980 ya je koyarwa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ga yadda manoman kwarin Napa suka soma gogayya da Faransa ta hanyar rage yawa da ƙara inganci. Da ya dawo ya fara da irin da duniya ta riga ta sani, Cabernet Sauvignon da Chardonnay. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfaninsa ya fitar da Malbec zuwa kasuwar waje da sunansa a jikin kwalba.

Manufofin kuɗi sun taka rawar da ba ta gaza ta manoma ba. Daga 1991 zuwa ƙarshen 2001 gwamnati ta ɗaure peso da dala, ɗaya da ɗaya. Wannan ya sa kayan Ajantina tsada a waje, amma ya sauƙaƙa shigo da tankunan ƙarfe, gangunan oak da bututun ban-ruwa na ɗigo. Masu jari daga Faransa, Holan, Chile da Amurka suka shigo, ƙwararru irin su Michel Rolland da Paul Hobbs suka kawo dabarunsu. Da tsarin ya rushe, darajar peso ta faɗi zuwa fiye da uku a kan dala a 2002. Talakawa sun sha wuya ƙwarai, amma masana'antar da ta riga ta sabunta injinanta ta wayi gari kayanta sun yi araha a idon mai saye na waje. Cikin shekara goma kuɗin da ake samu daga fitar da giyar inabi ya tashi daga ƙasa da dala miliyan 200 zuwa sama da miliyan 800 a shekara, Amurka ce kan gaba wajen saye, sai Birtaniya, Brazil da Kanada. Faɗuwar darajar kuɗi ta amfani wanda ke da abin sayarwa a hannu. Da an karya peson shekara goma kafin nan, da babu abin da za a fitar.

A yau Ajantina na da Malbec fiye da hekta 45,000, mafi yawansu a Mendoza, kuma babu ƙasar da ta kusance ta. A 2010 shugaba Cristina Fernández de Kirchner ta ayyana giyar inabi a matsayin abin sha na ƙasa, majalisa ta mayar da shi doka a 2013.

Hawa tudu

Tsohuwar cibiyar Malbec ita ce Luján de Cuyo, kudu da birnin Mendoza, mai tsayin mita 900 zuwa 1,100 daga teku. A 1989 manoman wurin suka kafa tsarin kariyar suna irin na Turai, na farko a nahiyar. Amma tun daga shekarun 1990 hankali ya koma kwarin Uco da ke gindin tsaunuka, inda gonaki ke kaiwa mita 1,500, wato sun ɗara birnin Jos tsayi. A 1992 Catena ya dasa gonar Adrianna a Gualtallary, a wurin da ake ganin sanyinsa ba zai bar inabi ya nuna ba.

A irin wannan tudu hasken rana ya fi kaifi, sai ƙwayar inabi ta kare kanta da ɓawo mai kauri, wanda ke ƙara launi da tanin. Da dare kuma sanyi na sauka sosai, bambancin zafin rana da na dare kan kai digiri 15 ko fiye, abin da ke sa 'ya'yan su nuna a hankali ba tare da sun rasa tsaminsu ba. Ƙasar tsakuwa ce da yashi da farar ƙasa da koguna suka gangaro da su, marar taki, wadda ke hana kuranga yin ganye barkatai. A 2013 aka amince da Paraje Altamira a matsayin yanki mai sunansa, bayan an shata iyakarsa bisa binciken ƙasa maimakon iyakar ƙananan hukumomi. Gidan giyar Zuccardi da ke wannan yanki ya zo na ɗaya a jerin gonakin inabi mafi kyau na duniya sau uku a jere, daga 2019 zuwa 2021, kuma yawon buɗe ido ya zama wata ƙofar samun kuɗi ga lardin.

Sai dai magudanan gargajiya ba su kai wurare da dama a tudun ba. Rijiyoyin burtsatse da bututun ɗigo ne suka buɗe su, ɗigon kuma ba ya nutsar da ƙwari kamar yadda malale ke yi. Saboda haka sababbin gonaki da yawa sun koma dasa kurangu 'yan aure, kamar Turai.

Masu ɗaukar kwando

Sunayen da ke jikin kwalabe masu tsada ƙalilan ne daga cikin masu harkar. Dubban manoma na da 'yan hektoci kaɗan, suna sayar da inabi ga manyan kamfanoni a farashin da ba su ke yankewa ba. Kimanin 5,000 daga cikinsu na ƙarƙashin tarayyar ƙungiyoyin gama kai ta Fecovita, wadda ta gaji kasuwancin kamfanin gwamnatin lardi, Giol, lokacin da aka sayar da shi. Girbi kan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, kuma 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar da Bolibiya ke yin kaso mai yawa na aikin. Ana biyan su bisa kwando: duk wanda ya cika ɗaya mai nauyin kusan kilo 20, ya ɗauka a kafaɗa ya juye a mota, a miƙa masa kwabon shaida da zai canza kuɗi daga baya.

Ba duk inabin Mendoza ke zama giya ba. Tun 1994 lardin da maƙwabcinsa San Juan suka ƙulla yarjejeniyar karkatar da wani kaso na girbi zuwa tataccen ruwan inabi marar barasa, domin kada giya ta yi wa kasuwa yawa. Wannan ya sa Ajantina cikin manyan masu fitar da shi a duniya, kamfanonin lemo da na kayan zaƙi ke saye. San Juan kuma na fitar da zabibi.

Gwamnati da 'yan kasuwa sun kafa hukumar haɗin gwiwa, COVIAR, a 2004, da shirin kaiwa cinikin dala biliyan 2 da kashi 10 cikin 100 na kasuwar duniya kafin 2020. Ba a cimma ko ɗaya ba. Babban abin da ya kawo cikas shi ne hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 211 cikin 100 a 2023, da tsarin canji mai farashi barkatai da ya tilasta wa masu fitar da kaya miƙa dalolinsu a farashin gwamnati, alhali kwalba da kwali da albashi na bin farashin kasuwa. Masu fitar da riɗi da citta daga Najeriya kafin watan Yunin 2023 sun san wannan ciwo.

Kasuwa na raguwa, ƙanƙara na ja da baya

Masu sha na raguwa a gida da waje. A Ajantina abin ya sauko ƙasa da lita 20 ga kowane mutum a shekara. Ƙungiyar kula da harkar inabi ta duniya, OIV, ta ce abin da aka sha a duniya a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma tun 1988 cibiyarta ta binciken cutar daji ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Tsohuwar maganar cewa jar giya na gyara zuciya ta rasa goyon bayan da take da shi a da.

Yanayi ma na nasa. Ƙanƙarar bazara kan sauko ta kakkaɓe gona cikin mintuna, abin da ya sa masu hali ke lulluɓe gonakinsu da raga. Akwai busasshiyar iska mai zafi da ake kira Zonda, wadda ke gangarowa daga tsauni ta zubar da fure. A daren ƙarshe na Oktoba da safiyar farko ta Nuwamban 2022, sanyi mai daskarewa ya ƙone sababbin tofo a faɗin lardin, girbin 2023 ya zama mafi ƙanƙanta tun 1960.

Mafi girman barazana ita ce ta ruwa. Tun 2010 lardin ya shiga jerin shekarun da dusar ƙanƙara ta gaza, koguna suka riƙa kawo ƙasa da abin da aka saba, dunƙulallun ƙanƙarar da ke saman Andes kuma, waɗanda su ne rumbun shekarun fari, suna ta ja da baya. A shekarar ce majalisar ƙasa ta kafa dokar kare su. Gonaki, birni mai ƙara cika, da kamfanonin mai da ma'adinai duk kogi ɗaya suke kallo.

An ga zurfin lamarin a Disamban 2019. Sabon gwamna, Rodolfo Suárez, ya sa majalisa ta sassauta doka mai lamba 7722 ta 2007, wadda ta hana amfani da sinadarai masu guba irin su sayanayid wajen haƙar ma'adinai. Hujjarsa ita ce lardin na buƙatar ayyukan yi da sabuwar hanyar kuɗin shiga. Dubun-dubatar mutane suka fito tituna, manoma suka taso daga kwarin Uco zuwa babban birnin lardin, wasu garuruwa suka yi barazanar fasa bikin girbi, wanda ake yi tun 1936. Kafin shekarar ta ƙare majalisar ta soke gyaran, tsohuwar doka ta dawo. Muhawarar ba ta mutu ba, domin akwai tagulla a ƙarƙashin tsaunukan, kuma duniya na neman ta.

A kowane watan Oktoba, bayan an auna dusar ƙanƙarar da hunturu ya bari a kan tsaunuka, hukumar ban-ruwa kan sanar da hasashen abin da kowane kogi zai kawo a shekarar. Daga wannan sanarwa ake tsara sa'o'in da tomero zai buɗe wa kowace gona ƙofa, da ita kuma manomi ke yanke shawarar ko zai shayar da gonarsa duka, ko ya bar wani sashe ya bushe domin sauran ya rayu.